Daga Gefen Wayarka Zuwa Tsakiyar Teku: Yadda Ake Sassaƙa Firam Ɗin Alminiyum Na Na'urar Kamun Kifi

Mai karatu, ɗan zare wayarka daga rigar robarta ka shafa gefenta. Idan ka ji sanyin ƙarfe mai santsi, to akwai yiwuwar alminiyum ka taɓa, wanda wasu ke kira sanholo, masu ƙera tukwane kuma su ce dalma. Dubi ramin caja da ƴan ramukan sifika, ka ga yadda kowanne ya fita daidai wa daida. A manyan wayoyi masu tsada, injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yanka waɗannan ramuka ɗaya bayan ɗaya, injin da ake kira CNC.

Yau za mu bi wannan injin zuwa wani wurin da ba kasafai muke leƙawa ba, wato ƙananan shagunan ƙira na jihar Kalifoniya a Amurka, inda ake sassaƙa firam na musamman don na'urar naɗe igiyar fatsa. Dalilin zuwanmu can shi ne, a jikin waya kuskuren ƙira yakan tsaya ne a muni ko ɗan lanƙwasa. A jikin wannan na'ura kuwa, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba zai iya sa mutum ya rasa kifin da ya biya kuɗin tafiyar mako biyu domin ya kama. Duk wanda ya fahimci aikin wannan firam, zai fahimci abin da kamfanonin waya ke nufi idan suna tallan jikin wayoyinsu.

Mece ce na'urar, kuma ina firam yake?

A wajenmu an fi sanin su da homa da birgi da mali da ƙugiya. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, homa da gora ne kayan aikin. Masu kamun kifi da fatsa a teku kuwa suna ɗaura wata na'ura a gindin sandar, sunanta ril. Aikinta uku ne: ta ajiye igiya mai tsawon ɗaruruwan mitoci, ta sake ta idan kifi ya ja da ƙarfi, ta kuma naɗo ta idan ya gaji.

A cikinta akwai kwarkwaro, irin na keken ɗinki amma babba, wanda igiya ke naɗuwa a kansa. Akwai hannun juyawa, da giyoyi biyu masu haƙora da ke kai juyin hannu zuwa kwarkwaron. Akwai kuma birki, wato wasu faifai da ke matse juna don kwarkwaron ya riƙa sakin igiya da nauyi. Faranti biyu ne suke rufe waɗannan kaya, ɗaya dama ɗaya hagu. Abin da ke riƙe farantan biyu, ya kuma haɗa su da sandar fatsa, shi ne firam.

Firam ba ya juyawa, ba ya ƙara, shi ya sa sabon shiga ba ya kula da shi. Amma duk ƙarfin da kifi ya ja da shi, ta jikinsa yake bi kafin ya isa sanda da hannun masunci. Shi ne kuma yake tabbatar da cewa ramin da ke riƙe kwarkwaro ta dama yana kallon na hagu a kan layi ɗaya.

Inda matsalar ta samo asali

A shekarar 1932 wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka, Otto Henze, ya kafa kamfanin Penn a birnin Filadelfiya. A 1936 kamfanin ya fitar da samfurin Senator, daga baya kuma ya fitar da Jigmaster. Waɗannan na'urori sun yi suna wajen ƙarko da sauƙin gyara, har yau ana samun waɗanda jikoki suka gada daga kakanninsu suna aiki da su.

Sai dai firam ɗinsu haɗe-haɗe ne. Ƴan sanduna ne na tagulla da aka shafa wa kurom, da wata ƙafa da ke zama a kan sandar fatsa, duk an ɗaure su da farantan gefe da notuna. Ka ɗauki misalin benci mai ƙafafu huɗu da aka haɗa da ƙusoshi. Idan mutum ɗaya ya zauna, lafiya lau. Idan aka riƙa tura shi gefe da ƙarfi, kowace mahaɗa za ta ɗan motsa, sai bencin ya karkace.

Haka yake faruwa da ril idan kifi mai nauyi yana ja, masunci kuma yana murza hannu da iya ƙarfinsa. Farantin dama yakan ɗan murɗe ya saɓa da na hagu. Da zarar hakan ta faru, gefen kwarkwaro ya fara gogar jikin na'ura, haƙoran giya su daina shiga juna sosai, hannu ya yi nauyi. Idan abin ya yi tsanani haƙoran su cinye, ko ƙafar ta lanƙwashe. A daidai lokacin da aka fi bukatar na'urar, a lokacin take cijewa.

Masuntan San Diyego da sabuwar igiya

Daga tashar jiragen ruwa ta San Diyego akwai jiragen da ke kwasar masu sha'awar kamun kifi zuwa ruwan da ke yammacin ƙasar Meziko, tafiyar da wani lokaci takan wuce mako biyu. Abin da suke nema shi ne kifin tuna mai rawayan ƙaya. Wanda ya haura fam 200, wato kimanin kilo 90, saniya suke ce masa. A shekarar 2010 wani mai suna Mike Livingston ya kamo mai nauyin fam 405, sama da kilo 180, daga jirgin Vagabond. A tsaye ake wannan kokawa, a gefen jirgi, da sanda a hannu.

Waɗannan masunta ne suka fi matsa wa tsofaffin na'urorin Penn. Daga nan masu ƙira na yankin suka fara yi musu kayan ƙari. Carl Newell ya yi suna da kayan inganta Penn kafin ya fitar da nasa na'urorin. Kamfanin Tiburon ya shahara da firam na alminiyum guda ɗaya tilo da ke maye gurbin sanduna da ƙafa. Kamfanin Accurate, na iyalan Nilsen, asalinsa ƙera sassan jiragen sama yake yi, sai ya shiga yin firam da farantan Penn, daga baya shi ma ya koma ƙera cikakkiyar na'ura.

Abin da ya ƙara hura wutar kasuwar shi ne shigowar kitsattsiyar igiya a shekarun 1990, wadda ake saƙawa da zaren Spectra ko Dyneema. Igiyar nailan mai ɗaukar fam 80, kusan kilo 36, kaurinta ya kusa milimita ɗaya. Kitsattsiya mai irin wannan ƙarfi ba ta wuce rabin hakan ba, kuma kusan ba ta miƙewa. Kwatsam sai ƙaramar na'ura ta iya ɗaukar igiya mai tsawo da ƙarfi irin na babba. Masunta suka ƙara matse birki, tun da al'adarsu ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin igiyar.

Akwai kuma wani lissafi da ke ƙara nauyin. Yayin da kifi ke gudu da igiya, naɗin da ke kan kwarkwaro yana sirancewa. Idan faɗin naɗin ya ragu zuwa rabi, ƙarfin da ake bukata don jan igiya yakan ninka biyu, ko da ba a taɓa birkin ba. Firam ɗin da aka tsara don igiyar da, yanzu an ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Me ya sa alminiyum?

Alminiyum bai kai baƙin ƙarfe tauri ba. Idan ka ɗauki sanda biyu masu girma ɗaya, ta alminiyum za ta lanƙwasa ninki uku na ta ƙarfe a ƙarƙashin kaya iri ɗaya. Amma nauyinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne: giram 2.7 a kowace santimita mai fuska shida, ƙarfe kuma kusan giram 7.8.

Ga inda dabarar take. Juriyar falle ga lanƙwasa tana ƙaruwa ne da kaurinsa sau kansa sau uku. Ka ninka kauri biyu, juriya ta ninka takwas. Ka ninka uku, ta ninka 27. To tun da alminiyum ba shi da nauyi, za ka iya ninka kaurinsa uku ya zo daidai da nauyin fallen ƙarfe. Ka raba 27 gida uku saboda laushinsa, ka samu 9. Ke nan a nauyi ɗaya, fallen alminiyum ya fi na ƙarfe juriyar lanƙwasa ninki tara. Wannan lissafin ne ya sa ake son sa a jirgin sama da keke da waya da ril.

Tsantsar alminiyum laushi gare shi, don haka gauraya shi ake yi. Iri biyu aka fi ji a wannan sana'a. Na farko 6061, wanda aka gauraya da maganiziyam da silikon. Na biyu 7075, mai zink da maganiziyam da jan ƙarfe. Za ka ga ana ƙara T6 a bayan lambar, ma'ana an gasa shi, an tsoma shi a ruwa nan take, an sake ɗumama shi na sa'o'i don ya yi ƙwari. A ma'aunin megafaskal, 6061-T6 yana fara lanƙwasar da ba ta komawa a wajen 275, shi kuwa 7075-T6 sai wajen 500.

Da jin haka za ka ce ai 7075 ne zaɓi. Amma yawancin masu ƙera firam 6061 suke ɗauka, saboda dalilai uku. Ya fi jure ruwan gishiri, don jan ƙarfen da ke cikin 7075 yana sa shi saurin ciwuwa. Ya fi karɓar launi da kyau. Ya kuma fi araha. Sannan akwai abin da ƴan talla ba sa faɗa: wajen ƴar lanƙwasar da ke komawa, wadda ita ce ke karkatar da giya, bambancin su biyun bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Siffar firam da kaurinsa ne suke hana murɗewa, lambar gaurayen kuma ta nuna iya inda zai kai kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa.

Wannan bambancin ya taɓa bayyana a duniyar waya. A 2014 mutane suka yi ta ƙorafin cewa iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu, ta ƙi miƙewa. Da Apple zai fitar da iPhone 6s a 2015, sai ya koma gaurayen dangin 7000, ya kuma ƙara kauri a wuraren da ke da rauni.

Zubi da sassaƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu ƙera tukunyar dalma, a Panteka ta Kaduna ko wata kasuwar, ya ga zubi. Ana narka gwangwanaye da tsofaffin sassan inji, a zuba a mazubin yashi, a bari ya huce. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa. Kamfanoni ma suna zubi, sai dai su da inji suke tura narkakken cikin mazubin ƙarfe. Hanya ce mai sauri da araha idan dubbai za a yi.

Illar zubi ita ce ƴan ramukan iska da ke maƙalewa a ciki, waɗanda ido ba ya gani. A tukunya ba su da wata damuwa. A firam ɗin da za a ja da kilo 15 ko 20 na tsawon sa'a guda, kowane rami wuri ne da tsagewa za ta iya farawa. Haka kuma gaurayen zubi mai yawan silikon ba ya karɓar launi da kyau, shi ya sa aka fi yi masa fenti.

Sassaƙa kuwa da dunƙule ake farawa, wanda aka riga aka matse aka gasa a masana'anta, cikinsa a cike ba rami. Sai a yi ta cire abin da ba a so har siffar ta fito, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Irin wannan hanya ce Apple ya tallata a 2008 lokacin da ya fitar da MacBook mai jiki guda. Asararta a fili take. A ce dunƙulen santimita 10 ne a tsawo, 10 a faɗi, 8 a tsayi. Nauyinsa ya haura kilo biyu kaɗan. Firam ɗin da zai fito ƴan ɗaruruwan giram ne, sauran duk ɓurɓushi. Shi ya sa wasu ke farawa da bututu mai kaurin bango don rage ɓarna. Ɓurɓushin ba a zubar da shi, ana tarawa a sayar, tun da sake narka alminiyum kusan kashi biyar cikin ɗari kawai yake ci na wutar da ake kashewa wajen yin sabo.

Mataki na farko: awo

Mai ƙera firam na musamman ba shi da zanen kamfanin da ya yi na'urar. Dole ya kwance ta ya auna da kansa: faɗin da'irar da farantin gefe ke zama, tazarar farantan biyu, wurin kowane ramin noti, faɗin bakin kwarkwaro. Yana amfani da ma'auni mai muƙamuƙi biyu da maikuromita. Manyan shaguna suna da injin awo mai ɗan tsinke da ke taɓa jikin abu yana aika lambobi ga kwamfuta.

Tarko biyu ne a nan. Na farko, tsohuwar na'urar da ake aunawa wataƙila ta riga ta karkace, don haka mai hankali yakan auna guda uku ko huɗu ya kwatanta. Na biyu, zaren noti. Tsofaffin na'urorin Amurka da ma'aunin inci aka yi notunansu, na Japan kuma irin su Shimano da Daiwa da milimita. Noti zai iya shiga zagaye biyu kamar ya dace, a na uku ya cinye zaren.

Wuri mafi wuya shi ne ratar da ke tsakanin bakin kwarkwaro da firam. Idan ta yi kaɗan, za su goga. Idan ta yi yawa, siririyar igiya za ta faɗa ciki ta tsinke. Gashin kan mutum kaurinsa wajen milimita 0.07 ne. A wuraren da sassa ke zama cikin juna, kuskuren da ake yarda da shi yakan kasance milimita 0.02 ko 0.03.

Mataki na biyu: zane da umarni

Daga awo sai a gina firam ɗin a kwamfuta da manhajar zane irin su SolidWorks ko Fusion. A nan ne kalmar na musamman take samun ma'ana. Wani yana son firam siriri, da kwarkwaro siriri, don na'urar ta daina rinjaya gefe idan yana murzawa. Wani yana son a cire sandar sama don babban yatsansa ya samu sarari a kan igiya, sai mai zane ya ƙara kauri a ƙasa ya rama. Wani kuma yana son kunnuwa biyu da zai maƙala ɗamarar da ke ɗaure a ƙugunsa. Mai zane yana kauce wa kusurwa mai kaifi a ciki, domin a nan nauyi ke taruwa, kuma ma bakin yanka zagayayye ne, ba ya iya fitar da ita.

Kafin a taɓa alminiyum, da yawa sukan fara buga samfurin roba da firintar 3D, su ɗaura farantan su ga ko ramuka sun hau. Gara a yi asarar roba da a yi asarar dunƙule.

Sai kuma manhajar ta mayar da zanen zuwa umarnin da inji ke ganewa, wato G-code. Layuka ne gajeru: G0 na nufin ruga zuwa wuri kaza ba tare da yanka ba, G1 yanka a miƙe, G2 da G3 yanka a zagaye. Firam ɗaya zai iya cin dubban layuka. Tushen wannan fasaha ya koma ƙarshen shekarun 1940, da aikin John Parsons, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin farko da ke bin umarnin lambobi daga tef mai huji.

Mataki na uku: yanka

Ana damƙe dunƙulen a kan teburin inji. Bakin yanka, wanda aka yi da kabayid, yana juyawa sau 8,000 ko fiye a minti ɗaya. Na alminiyum haƙora biyu ko uku gare shi, da manyan kwaruruka don ɓurɓushi ya samu hanyar fita. Alminiyum yana da danƙo idan ya yi zafi, yakan manne a bakin, daga nan yanka ya koma yaga, bakin ma ya karye. Shi ya sa ake ta feshin ruwan sanyaya ba ƙaƙƙautawa.

Yankan kashi biyu ne. Na farko na gaggawa, a kwashe yawancin naman a bar ɗan kaɗan. Na biyu na gamawa, a hankali, da sabon baki. Tsakaninsu ƙwararru sukan sassauta maɗauri su sake ɗaurewa a hankali, saboda dunƙule yana da wani ɗauri a cikinsa tun daga masana'anta, idan aka rarake shi yakan ɗan motsa. Don rage wannan ne ake sayen wanda aka rubuta wa T651, wanda aka ɗan ja shi bayan gashi don ɗaurin ya saki. Matsewa da yawa ma matsala ce: ka matse zobe ka yanka rami zagayayye, kana saki ya koma siffar ƙwai.

Babbar ƙa'ida ita ce mazaunin farantin dama da na hagu su kasance a kan layi ɗaya. Duk lokacin da aka kwance aiki aka juya shi, kuskure na iya shiga. Saboda haka ake ƙoƙarin yanka su a ɗauri ɗaya, ko a yi wani mazauni na musamman da zai karɓi aikin idan an juya. Injin da teburinsa ke juyawa yana sauƙaƙa yankan tagogi da ƙafa ba tare da kwancewa ba.

Zafi ma yana da nasa. Alminiyum mai tsawon santimita 10 yana ƙaruwa da milimita 0.023 idan zafinsa ya hau da digiri 10. A digiri 20 duniya ta amince a riƙa awo. Wanda ya auna aiki da zafinsa daga inji, ko a shagon da ya kai digiri 40 irin na watan Afrilu a Sakkwato, lambar da zai gani ta riga ta cinye duk kuskuren da aka yarda masa.

Bayan yanka sai a kashe kaifin kowane gefe, a zuba aikin cikin injin girgiza mai ƴan duwatsu, a goge. Kitsattsiyar igiya a miƙe tana tsinkewa da ta taɓa kaifi.

Launin da ba fenti ba

Jan firam ko shuɗi ko ruwan zinare da kake gani a hotuna, da launin gefen wayarka, hanya ɗaya ake bi a same su, sunanta anodayizin. Ana tsoma aikin cikin ruwan asid irin na batirin mota, a sa masa wutar lantarki. Fatar alminiyum sai ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tauri, mai ƙananan ƙofofi. A tsoma shi a rini ya shiga ƙofofin, sannan a toshe su da tafasasshen ruwa ko wani sinadari. Tun da ɓawon daga jikin ƙarfen ya tsiro, ba ya ɓarewa kamar fenti, sai dai ya karce.

Iri biyu aka fi yi. Na ado kaurinsa milimita 0.005 zuwa 0.025, yana karɓar kowane launi. Mai tauri yakan kai 0.05, ya fi jure guga, amma launinsa duhu ne. A wannan na biyun kusan rabin ɓawon ciki yake shiga, rabi ya fito waje. Ke nan kowane bango ya ƙaru da 0.025, rami kuma ya tsuke da 0.05. Wanda bai sa wannan a lissafi tun wajen zane ba, zai karɓo kyakkyawan firam da farantinsa ya ƙi shiga.

Gishiri ba ya yafiya

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Idan noti na ƙarfen da ba ya tsatsa ya zauna cikin alminiyum, ruwan gishiri ya jiƙa su, sun zama ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyum ne ke cinyewa. Alamarsa wani farin gari a bakin noti. In aka bar shi, notin ya kafe, ko zaren ya ruɓe. Maganinsa sananne ne a wajen masu wannan harka: a shafa giris a kowane noti da duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, a wanke na'ura da ruwan daɗi bayan kowace fita, a kwance ta lokaci-lokaci. Wasu maƙeran sukan dasa zaren ƙarfe a cikin ramukan da ake yawan kwancewa.

Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Sabon firam yana hana murɗewa, amma ba ya ƙara wa sauran sassa ƙarfi. Da an ƙara matse birki, rauni sai ya koma wani wuri: bututun tagullar da hannu ke zama a kai ya lalace, ko ɗan harshen da ke hana hannu komawa baya ya zame. Shi ya sa masu yin wannan gyara sukan bi da sauya waɗannan da na ƙarfe, su sa faifan birki na zaren kabon. Kafin a ankara, kuɗin gyara ya kamo ko ya wuce na sabuwar na'ura da aka sassaƙa tun daga kamfani.

Guda ɗaya tilo kuwa ya fi komai tsada, domin awo da zane da rubuta umarni da ƙera mazauni duk a kansa za su hau. Saboda haka ƙananan maƙera sukan jira sai mutane da dama sun yi oda kafin su kunna inji. Masu saye sun san da wannan. Wasu suna yi ne don na'urar ta mahaifinsu ce, wasu don sun fi son abin da za su iya kwancewa su gyara da hannunsu a cikin jirgi, wasu kuma don siffar da suke so babu ita a kasuwa.

Abin da za ka ɗauka daga nan

Idan ka sake ganin tallan waya an rubuta alminiyum irin na jirgin sama, ka san cewa maganar ba ta gaya maka komai ba tukuna, domin 6061 da 7075 duk ana sa su a jirgi. Ka nemi lambar gaurayen. Ka duba ko firam ɗin ne na alminiyum ko kuwa roba ce aka yi wa fentin ƙarfe, abin da ake yawan yi a wayoyi masu sauƙin kuɗi. Ƴan siraran layukan roba da ke yanka gefen wayar ƙarfe, waɗanda aka sa don siginar eriya, suna daga cikin alamun da za su taimaka maka.

Idan kuma aikin ne ya burge ka, rabinsa a kwamfuta ake yi, kuma ƙofar a buɗe take. FreeCAD kyauta ce. Onshape tana da manhajar Android da iPhone, da tsarin kyauta ga wanda ya yarda zanensa ya zama a bainar jama'a. Kamfanoni irin su Xometry da PCBWay suna karɓar fayil ɗin zane ta intanet, su faɗi farashi, su yanka su aiko. Ƙananan injinan tebur masu araha da ake tallatawa da lambar 3018 suna da amfani wajen koyon G-code a kan katako da roba, amma jikinsu ba shi da ƙwarin da zai riƙe awon da muka ambata a kan alminiyum.

Ka fara da ƙaramin abu da ke gabanka. Samu ma'auni mai muƙamuƙi, ka kwance marfin wata tsohuwar na'ura ko maƙalin waya na babur da ya karye, ka auna, ka zana, ka buga na roba, ka gwada ko notuna za su hau. A karon farko da wuya su hau. Ka koma ka nemo wace lamba ce ta kuskure, ka gyara, ka sake bugawa.